Yadda Ake Amfani da Maganin Homon a Lokacin Yankewar Al'ada

Sau da yawa macen da ta haura shekara 45 takan fara farkawa cikin dare ta tarar gumi ya jiƙa ta sharkaf, ko kuma tana zaune cikin mutane ta ji wani zafi ya taso mata daga ƙirji ya haura wuya da fuska, ya yi minti biyu ko uku, sannan ya lafa ya bar ta da ɗan sanyi-sanyi. Abin da aka saba yi a gidajenmu shi ne a aiki yaro kemis ya sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, idan abin bai tafi ba a ce taifot ne a sake shan wani, alhali kuwa jinin al'adarta ya riga ya fara tsallake wata ɗaya ko biyu, kuma babu wanda ya haɗa wannan da wancan. Abin da ke faruwa a jikinta shi ne gidan ƙwai ya fara rage samar da sinadarin estrojin, wanda shi ne homon, wato sinadarin da jiki ke haɗawa da kansa, da ke tafiyar da al'ada, yake kuma da hannu a daidaita zafin jiki, da ƙarfin ƙashi, da danshin farji, da barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna daina al'ada ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma likitoci ba sa cewa al'ada ta yanke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba, ba tare da juna biyu ko wani dalili na daban ba.

Akwai matan da suke wuce wannan zango ba tare da wata wahala ba, kuma irin waɗannan ba su da buƙatar magani. Wannan bayani ya shafi wadda abin ya hana ta barci, ya hana ta aiki, ya sa ta yawan fushi da mantuwa, ko ya mayar da kwanciyar aure ta zama azaba saboda bushewa. Shawarar da aka fi ba irin wannan mace ita ce ta yi haƙuri zai wuce. Gaskiya ne zai wuce, sai dai wani dogon bincike da aka yi a Amurka mai suna SWAN ya nuna cewa tashin zafin yakan ɗauki kimanin shekara bakwai a tsaka-tsaki, kuma a wajen mata baƙar fata yakan kai shekara goma. Shekara goma ba tare da cikakken barci ba ta wuce abin da za a rufe da kalmar haƙuri, musamman tunda akwai magani.

Maganin da ake magana a kai, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da HRT, mayar wa jiki yake yi da wani ɓangare na estrojin ɗin da ya daina samarwa. Har yanzu babu wani magani da ya kai shi rage tashin zafi da gumin dare, yana kuma kare ƙashi daga zaizayewa da saurin karaya matuƙar ana amfani da shi. Ba ya dawo da haihuwa, ba ya mayar da tsohuwa yarinya, kuma ba ya hana ɗaukar ciki, wanda batu ne da za mu dawo kansa.

Dalilin da ya sa ake tsoronsa

Ya kamata ki san asalin tsoron, domin za ki ji shi daga bakin 'yan uwa, wani lokaci ma daga bakin ma'aikatan lafiya. An fara sayar da Premarin a Amurka a 1942, kuma shi estrojin ne da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. An yi shekaru ana ba mata estrojin shi kaɗai, har zuwa 1975 lokacin da bincike ya nuna cewa yin hakan yana ƙara sankarar cikin mahaifa, saboda estrojin yana kauraro shimfiɗar cikin mahaifa ba tare da wani abu ya taka masa burki ba. Daga nan aka koyi haɗa shi da homon na biyu, wato furojestaron, wanda ke kare mahaifar.

Babban tashin hankalin ya zo ne a watan Yulin 2002, lokacin da aka dakatar da wani sashe na babban binciken lafiyar mata mai suna WHI a Amurka, wanda ya ƙunshi mata 16,608 da aka raba gida biyu, wasu na shan haɗin homon biyun wasu kuma na shan ƙwayar da babu magani a cikinta. Sakamakon ya nuna cewa a cikin kowace mace 10,000 da ke shan haɗin, a duk shekara ana samun ƙarin mutum 8 masu sankarar mama, da ƙarin 8 masu shanyewar ɓarin jiki, da ƙarin 7 masu ciwon zuciya, yayin da karayar ƙugu da sankarar hanji suka ragu. Jaridu suka ɗauki labarin da zafinsa, mata da yawa suka watsar da maganinsu a rana ɗaya. Abin da bai fito fili ba a lokacin shi ne matsakaicin shekarun matan da aka yi binciken a kansu 63 ne, kuma da yawansu sun daɗe da daina al'ada kafin a fara ba su maganin. Da aka sake bin alƙaluman daki-daki, sai aka ga cewa macen da ta fara maganin kafin ta kai shekara 60, ko cikin shekara goma da yankewar al'adarta, haɗarinta ya yi ƙasa sosai idan aka kwatanta da wadda ta fara a makare. Haka kuma sashen binciken da ya shafi matan da aka cire wa mahaifa, waɗanda suka sha estrojin kaɗai, bai nuna ƙaruwar sankarar mama ba.

Saboda haka haɗarin yana nan, amma girmansa ya danganta da shekarunki, da irin maganin, da hanyar da yake shiga jiki, da tsawon lokacin da kika yi kina amfani da shi. Duk aikin da za ki yi tare da likita ya ta'allaƙa ne a kan waɗannan abubuwa huɗu.

Kafin ki je asibiti

Ki fara da rubutu. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranakun da kika ga jini da yawansa, da sau nawa zafin ke taso miki a yini, da sau nawa kike farkawa da dare, ki yi haka na tsawon wata ɗaya ko biyu. Ki rubuta duk magungunan da kike sha, har da na gargajiya da na Musulunci da kayan mata, domin wasu suna da tasiri a kan hanta, kuma likita ba zai iya yin duba ya gano su ba. Sannan ki tambayi manyan gidanku ko akwai wadda ta taɓa yin sankarar mama ko ta gidan ƙwai a cikin mahaifiyarki da 'yan uwanki mata da gwaggonni, da kuma ko akwai wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiyar ƙafa ko a huhu. A gidaje da yawa ba a kiran irin wannan ciwo da sunansa, sai dai a ce ta yi fama da ciwon nono ko daji ya kama ta, don haka sai kin yi tambaya da dabara.

Wanda ya dace ki gani shi ne likitan mata. Asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da kuma asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai, duk suna da sashen kula da cututtukan mata, haka ma yawancin manyan asibitocin jihohi. Idan kin haura shekara 45 kuma alamomin sun bayyana, galibi ba a buƙatar gwajin homon a jini, saboda a wannan zango sinadaran hawa da sauka suke yi, gwajin yau zai iya saɓa wa na jibi, kuɗinki kawai za ki kashe. Gwajin homon da ake kira FSH yana da amfani ne ga wadda al'adarta ta fara yankewa kafin shekara 45, kuma ya zama dole ga wadda ba ta kai 40 ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a auna hawan jininki da nauyinki, a duba mama, a yi gwajin bakin mahaifa idan lokacinsa ya yi, a kuma tabbatar babu juna biyu. Likita mai lura zai kuma kawar da wasu cututtukan da ke kama da wannan, domin gumin dare tare da tari da rama alamar tarin fuka ce, kuma ciwon tayirod, wato ƙullutun da ke gaban wuya, shi ma yana kawo jin zafi da saurin bugawar zuciya.

Akwai waɗanda ba a ba su wannan magani, ko kuma sai ƙwararre ya yi dogon nazari kafin ya bayar. Daga cikinsu akwai wadda take da sankarar mama ko ta taɓa yi, da mai sankarar cikin mahaifa, da wadda take zubar da jinin da ba a gano dalilinsa ba, da wadda jini ya daskare mata a jijiya, da wadda ta yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da mai ciwon hanta da ke kan ganiyarsa. Batun hanta ya shafe mu sosai, tunda cutar hanta nau'in B ta yawaita a Najeriya da Nijar kuma mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba, don haka yana da kyau ki nemi a yi miki gwajin. Hawan jini shi kansa ba ya hana amfani da maganin, amma sai an saukar da shi tukuna. Ƙarin mahaifa da ake kira faibroid, wanda ya yi yawa a tsakanin mata baƙar fata, shi ma ba ya hanawa, sai dai a riƙa sa masa ido da hoton ciki domin estrojin na iya hana shi motsewa kamar yadda ya saba yi bayan yankewar al'ada.

Tambayar farko: kina da mahaifa?

Idan an yi miki tiyata an cire mahaifa gaba ɗaya, estrojin kaɗai ya wadatar a mafi yawan lokuta. Idan kuwa mahaifarki tana nan, wajibi ne a haɗa miki da furojestaron, kuma wannan doka ce da ba a sassautawa. Kuskure mafi muni da mace za ta yi shi ne ta ga ƙawarta tana shan estrojin ta ji daɗinsa, ita ma ta je ta saya ta fara sha, ba ta san cewa ƙawar an cire mata mahaifa ba. Kuskure na biyu da ke bin wannan shi ne ta karɓi magungunan biyu daga asibiti, sannan ta ajiye furojestaron don yana sa ta kasala, ta ci gaba da estrojin shi kaɗai.

Ana ba da furojestaron ta hanya biyu, gwargwadon inda kike a tafiyar. Idan har yanzu kina ganin jini jefi-jefi, ko ba ki cika shekara ɗaya da ganin na ƙarshe ba, za a ba ki estrojin kullum, furojestaron kuma na kwana 12 zuwa 14 a kowane wata, kuma bayan kin gama kwanakin za ki ga jini mai kama da na al'ada. Idan kin wuce shekara ɗaya babu jini, sai a ba ki su biyun kullum babu hutu, kuma manufar wannan tsari ita ce kada a ga jini ko kaɗan bayan watannin farko. Nau'in da likitoci da yawa suka fi so yanzu shi ne wanda ya yi daidai da na jikin mace, irin su Utrogestan, wanda ake shan miligiram 100 kowane dare a tsarin kullum, ko miligiram 200 a tsarin rabin wata. Da dare ake shan sa saboda yana kawo barci, abin da ya zama riba ga wadda dama barci ya ƙaurace mata. Wata hanyar kuma ita ce robar mahaifa mai homon irin Mirena, wadda ke kare mahaifa har shekara biyar, tana rage yawan zubar jini, tana kuma hana ɗaukar ciki, wato jifa ɗaya ta biya buƙata uku.

Ƙwaya, filasta ko man shafawa

Estrojin yana zuwa a matsayin ƙwayar sha, ko filastar da ake mannawa a fata, ko mai da ake shafawa, ko na fesawa. Bambancin da ke tsakaninsu ya wuce na sauƙin amfani. Ƙwayar da aka haɗiya sai ta bi ta hanta kafin ta shiga jini, kuma a can takan sa hanta ta ƙara samar da sinadaran daskarar da jini, shi ya sa take ɗan ƙara haɗarin gudan jini a jijiya. Wanda ya shiga ta fata ba ya bin wannan hanya, kuma a ma'aunin da aka saba bayarwa ba a ga yana ƙara wannan haɗari ba. Don haka mai ƙiba, da mai ciwon ɓarin kai, da mai hawan jini ko ciwon suga, da wadda ta haura shekara 60, ta fata ta fi dacewa da su. A ganina duk wadda za ta iya samun na fata, shi ya kamata ta fara tambaya. Matsalar ita ce galibin waɗannan magunguna daga waje ake shigo da su, kuma filasta da mai sun fi ƙwaya wuyar samu, don haka kafin ki fara ki tabbatar da inda za ki riƙa samun sa duk wata, tunda farawa da tsayawa ba tare da tsari ba yana dawo da alamomin, yana kuma kawo zubar jini. Ki saya a babban kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC idan a Najeriya kike, ki duba ranar lalacewa, sannan ki ajiye shi a wuri mai sanyi nesa da rana da murhu.

Filasta, irin su Evorel da Estradot, yawanci sau biyu ake canza ta a mako, don haka ki zaɓi ranaku biyu tsayayyu, misali Litinin da Alhamis. Ana manna ta ne a ƙasan ƙugu, a ɗuwawu ko a cinya, a kan fata mai tsabta wadda ta bushe kuma ba a shafa mata mai ko hoda ba, kuma ba a taɓa sa ta a kan mama ko kusa da shi. Ki danne ta da tafin hannu na kimanin rabin minti, ki kuma riƙa sauya wuri duk lokacin canji don kada fata ta yi ƙaiƙayi. A watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, gumi yakan ɓanɓare ta, don haka ya fi kyau ki manna ta da dare bayan wanka idan jiki ya huce, kuma ki kauce wa wurin da ɗaurin zane ke gogawa. Idan ta faɗi, ki sa sabuwa, amma ki canza ta a ranar da kika saba.

Man shafawa, irin su Oestrogel, kullum ake shafa shi a lokaci ɗaya, a bayan damtse zuwa kafaɗa ko a cikin cinyoyi. Ki shimfiɗa shi a faɗi, ki bar shi ya bushe na minti biyar kafin ki sa tufafi, ki wanke hannu, kuma kada ruwa ya taɓa wurin sai bayan awa ɗaya. Ga mace mai alwala sau biyar a yini, cinya ta fi hannu dacewa, kuma bayan sallar isha'i lokaci ne mai kyau. Wadda take rainon jikoki ta kula kada fatar yaro ta taɓa wurin kafin ya bushe sosai, domin homon yana iya shiga jikinsa. Idan kin manta da shan ƙwaya ko shafa mai, kada ki ninka washegari, ki ci gaba kawai yadda kika saba.

Watanni ukun farko da abin da ke biyo baya

Ana farawa ne da ƙaramin ma'auni, a ƙara idan bai wadatar ba. Tashin zafi yakan fara raguwa cikin 'yan makonni, amma cikakken amfanin yakan ɗauki wata uku, kuma a cikin wannan lokaci kina iya jin mama ya yi nauyi ko ciwo, da tashin zuciya, da kumburin ciki, da ciwon kai, da ɗigon jini. Mafi yawan waɗannan suna lafawa da kansu, don haka kada ki yanke hukunci a mako na biyu. Bayan wata uku ki koma wurin likita da littafinki, a duba ko za a ƙara, ko a rage, ko a sauya nau'i. Daga nan kuma sai ganin likita sau ɗaya a shekara, a auna hawan jini da nauyi, a duba mama, a kuma sake auna ko amfanin har yanzu ya rinjayi haɗarin. Ki riƙa duba mamanki da kanki duk wata, ki yi hoton mama idan likita ya ce lokaci ya yi.

Jini shi ne abin da ya fi buƙatar sa ido. Ɗigo a watanni shida na farko ba abin mamaki ba ne, amma idan ya wuce wata shida, ko ya dawo bayan ya daɗe da ɗaukewa, ko ya yi yawa, ko kina ganin sa bayan saduwa, to ki je a yi hoton mahaifa a auna kaurin shimfiɗarta, wani lokaci ma a ɗebi ɗan nama a gwada. Akwai kuma alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu: ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo a sha-raɓa, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ko matsanancin ciwon kai da ya zo farat ɗaya, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi sanyi ya ƙi ɗaguwa, ko idanu su yi rawaya. Duk wadda ta ga ɗaya daga ciki ta dakatar da maganin a kai ta asibiti nan take. Idan za a yi miki babbar tiyata, ki sanar da likitan tun da wuri, domin mai shan ƙwaya akan sa ta dakata makonni huɗu zuwa shida kafin ranar.

Batun ciki da aka ambata a baya yana da muhimmanci ga wadda take tsakiyar zangon, domin gidan ƙwai yakan saki ƙwai jefi-jefi ko da al'ada ta rikice. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a ci gaba da tsarin tazarar haihuwa har shekara biyu bayan jinin ƙarshe idan mace ba ta kai 50 ba, ko shekara ɗaya idan ta haura 50.

Azumi, salla da aikin Hajji

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya man shafawa da filastar magani da fata ke tsotsa cikin abubuwan da ba sa karya azumi. Mai shan ƙwaya kuma tana iya mayar da lokacin shan zuwa bayan buɗa-baki, tunda sau ɗaya ake sha a yini. Tambayar da ta fi ɗaure kai ita ce ta jinin da ke zuwa duk wata a tsarin rabin wata, shin haila ce ko istihala, da kuma hukuncin filasta a lokacin wankan tsarki. Waɗannan tambayoyi ne na malamai, amma ki kai musu cikakken bayani, wato shekarunki, da cewa magani ne ke kawo jinin, da kwanakin da yake yi, da kuma cewa filastar da aka ɓare ba ta komawa. Wadda take ƙyamar abin da aka samo daga fitsarin dabba tana iya neman nau'in estiradayol, wanda ake haɗawa daga tsirrai, kuma shi ne a cikin filasta da man shafawa. Mai niyyar Hajji ko Umara ta gaya wa likitanta kafin ta sha Primolut N ko makamancinsa don jinkirta jini, domin shi ma homon ne kuma bai kamata a ɗora shi a kan wani ba tare da lissafi ba. A cikin jirgi kuma ta riƙa tashi tana taka ƙafa, tana shan ruwa.

Idan bushewa ce kaɗai matsalar

Wannan ita ce matsalar da mata suka fi jin nauyin faɗa, kuma ita ce ba ta gyaruwa da kanta. Tashin zafi yana wucewa da shekaru, amma bushewar farji, da zafi lokacin saduwa, da yawan fitsari, da ciwon mara na sanyi da ke ta dawowa, ƙaruwa suke yi idan ba a kula ba. Maganinsu shi ne estrojin na matsi, ko dai mai irin Ovestin ko ƙwaya irin Vagifem, wanda ake sawa kowane dare na mako biyu zuwa uku, sannan a koma sau biyu a mako. Abin da ke shiga jini daga cikinsa kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ba a buƙatar haɗa shi da furojestaron ko da mahaifa tana nan, kuma ana iya amfani da shi shekaru masu yawa, shi kaɗai ko tare da na sha ko na fata. Wadda ta taɓa yin sankarar mama ta tuntuɓi likitan da ya kula da ita kafin ta fara. Fatar wurin takan yi siriri a wannan shekaru, don haka matsin kanwa, da alif, da haɗe-haɗen da ake tallatawa a Facebook da TikTok suna ƙone ta ne su ƙara bushewar, ko da an ji kamar an samu matsewa a ranar farko. Man sulɓi na kantin magani wanda aka haɗa da ruwa ya fi aminci a lokacin saduwa.

Wadda al'adarta ta yanke da wuri, da yadda ake dainawa

Macen da al'adarta ta yanke kafin shekara 40, ko wadda aka cire wa gidan ƙwai biyu tana da sauran ƙuruciya, lissafinta daban ne da duk abin da aka faɗa game da binciken 2002. Ita jikinta ya rasa homon ne shekaru da yawa kafin lokaci, abin da ke jawo mata zaizayewar ƙashi da ciwon zuciya da wuri, don haka ana ba ta shawarar ta ci gaba da maganin aƙalla har zuwa shekara 51, ko da ba ta jin wani zafi, matuƙar babu abin da ya hana.

Ga sauran mata babu wani adadin shekaru da aka yanke cewa dole a tsaya. Haɗarin sankarar mama a haɗin homon biyu yana ƙaruwa da tsawon amfani, yana kuma raguwa a hankali bayan an daina, shi ya sa ake sake zama duk shekara. Idan kin yanke shawarar dainawa, kina iya tsayawa lokaci ɗaya ko ki riƙa rage ma'auni cikin wata biyu zuwa uku. Ragewa a hankali takan sa alamomin ba su dawo da ƙarfi nan take ba, kuma ya fi dacewa a yi hakan a lokacin hunturu maimakon tsakiyar bazara. Idan zafin ya dawo ya hana ki sukuni, ana iya komawa kan ƙaramin ma'auni.

Wadda ba za ta iya amfani da homon ba tana da wasu hanyoyin. Magunguna irin su venlafaxine da gabapentin suna rage tashin zafi, ko da yake ba su kai estrojin ba, kuma a 2023 Amurka ta amince da fezolinetant, wanda ke aiki a sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki, amma yana buƙatar a riƙa gwajin hanta. Mai shan tamoxifen saboda sankarar mama ta guji magungunan rage damuwa na paroxetine da fluoxetine, domin suna rage masa ƙarfi. Rage ƙiba, da tafiyar ƙafa ta rabin awa a yawancin ranaku, da rage yaji da shayi mai zafi da dare, da sa tufafin auduga, duk suna taimakawa. Don ƙashi kuma a yawaita nono da kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu da ganyen zogale, sannan wadda ba ta cika fita ba ta riƙa zama a tsakar gida da hantsi rana ta taɓa hannuwanta da ƙafafunta, ko ta nemi likita ya rubuta mata bitamin D.